Jikin Mace Tsakanin Hukuma da Kasuwa: Abin da Marubuta Mata na Ƙasar Sin Suke Faɗa

A watan Afrilun shekarar 2000 hukumomin ƙasar Sin suka haramta wani ƙagaggen labari mai suna Shanghai Baby, na wata matashiya Wei Hui, wadda a lokacin ba ta kai shekara 30 ba. Labarin wata budurwa ce a birnin Shanghai da ta raba zuciyarta tsakanin maza biyu: saurayinta ɗan ƙasa, wanda ba ya iya kusantar mace, daga baya kuma ƙwaya ta halaka shi, da wani Bajamushe mai mata. An kwashe littafin daga kantuna, an ladabtar da kamfanin da ya buga shi, sai haramcin ya zame masa talla, aka fassara shi zuwa harsuna sama da 30. Tun daga nan, masu karatu da yawa a wajen Sin, da an ambaci rubutun matan ƙasar a kan jiki da sha'awa, wannan littafin ne ke faɗo musu a rai. A ganina an tauye haƙƙin matan da suka shafe kusan ƙarni guda a wannan fage, domin Wei Hui reshe ɗaya ce kawai, kuma ba ita ce mafi nauyi ba. Tambayar da ke ƙarƙashin rubutun nasu ta girmi zancen shimfiɗa. Tambayar ita ce, wa ke da iko da jikin mace? Ita ce, ko mijinta, ko hukuma, ko mai buga littafi?

Matan Sin ba su faro daga inda matan Turai da Amurka suka faro ba. Jam'iyyar Kwaminis ta karɓi mulki a 1949, kuma cikin dokokin farko da ta kafa akwai dokar aure ta 1950, wadda ta hana auren dole, ta hana ajiye ƙwarƙwara, ta ba mace damar neman saki. A 1953 kaɗai aure fiye da miliyan guda ya mutu a kotuna. Aka fito da mata zuwa gonakin haɗin gwiwa da masana'antu, ana yayata taken nan da ake dangantawa da shugaban jam'iyyar, Mao Zedong, cewa mata ne ke tallafe da rabin sama. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a ƙasar da kakanninsu mata suka tashi da ƙafafu a ɗaure tun suna yara. Sai dai 'yancin daga sama ya sauko, kuma da sharaɗi ya zo: mace ta zama daidai da namiji ta hanyar komawa kamar namiji. Ta sa irin tufafinsa, ta ɗauki irin kayansa, ta dawo gida girki da raino suna jiranta, kuma kada ta ce uffan, tunda hukuma ta riga ta sanar cewa matsalar mata ta ƙare.

Wadda ta fara ganin wannan tarko daga cikin gida ita ce Ding Ling. Tun a 1928 ta yi suna da wani labari da aka tsara kamar kundin sirrin wata budurwa mai ciwon tarin fuka, wadda take sha'awar wani kyakkyawan saurayi alhali tana raina halinsa. A 1942, tana sansanin 'yan kwaminis a Yan'an, ta rubuta maƙala a kan ranar mata ta 8 ga Maris. Ta ce a wannan wuri da ake kira matattarar 'yanci, in mace ba ta yi aure ba a yi da ita, in ta yi aure ta zauna rainon 'ya'ya a ce ta koma baya, daga ƙarshe mijin ya sake ta da hujjar cewa ba ta waye ba. An sauke ta daga kujerar edita, aka sa ta ta amsa laifi. A 1957 aka ayyana ta a cikin masu ra'ayin riƙau, aka tura ta aikin gona a can arewa maso gabas, daga baya ta yi shekara biyar a kurkuku. Duk marubuciyar da ta biyo bayanta ta san wannan labari.

A zamanin Juyin Juya Halin Al'adu, gangamin da Mao ya ƙaddamar don rusa tsofaffin al'adu da tunani, daga 1966 zuwa 1976, soyayya kanta ta zama abin zargi. Jaruman mata na wasannin da aka yarda a nuna, galibinsu ba a ganin mijinsu, ba a jin suna da wata buƙata sai ta jam'iyya. Wannan ne ya sa wani gajeren labari na Zhang Jie ya girgiza ƙasar a 1979, ko da yake babu ko riƙe hannu a cikinsa. Wata budurwa ce take karanta littafin ajiyar mahaifiyarta bayan rasuwarta, ta gano cewa uwar ta yi shekaru tana son wani jami'i mai aure, kuma duk zaman da suka taɓa yi tare bai cika kwana guda ba. Abin da ya tayar da ƙura shi ne tambayar da labarin ya bari: aure ba tare da so ba, shin ɗa'a ce? A 1982 Zhang Jie ta sake fito da labarin mata uku da suka rabu da mazajensu, suna zaune gida ɗaya a Beijing, maƙwabta na sa musu ido, shugabanni a wurin aiki na neman su da lalata. A daidai wannan lokaci Yu Luojin, wadda aka kashe yayanta a 1970 saboda wata maƙala, ta rubuta yadda talauci da tsoro suka sa ta auri mutumin da ba ta so, kuma shari'ar sakinta ta zama abin muhawara a jaridun ƙasa baki ɗaya.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi a nan, domin shi ne ya bambanta Sin da sauran wurare. A shekarun 1980, lokacin da matan Yamma ke cewa a daina bambanta su da maza, masana irin su Li Xiaojiang ta jami'ar Zhengzhou cewa suke a bar mace ta zama mace. Su daidaiton dole suka ɗanɗana, wanda ya shafe musu kamanni. Don haka rubutu a kan haila, ciki, naƙuda da sha'awa ya zama hanyar ƙwato wani abu da hukuma ta binne. Shi ya sa ma wasu manyan marubuta, irin su Wang Anyi, ba sa son a liƙa musu laƙabin 'yan rajin mata.

Wang Anyi ce ta buɗe ƙofar sosai da labarai uku na soyayya a 1986 da 1987. Wanda ya fi tsaya mini shi ne na wasu matasa biyu, mace da namiji, 'yan ƙungiyar rawa a wani ƙaramin gari, waɗanda ko suna ba ta ba su ba. Ba wanda ya taɓa yi musu bayanin komai game da jikinsu. Sha'awa ta auka musu kamar ciwo, suna haɗuwa a ɓoye, suna jin kunya, suna dukan juna, har yarinyar ta yi ciki ta haifi tagwaye. Babu ado a labarin, babu kuma abin da zai burge mai neman batsa. Abin da ke cikinsa tausayi ne ga yaran da aka rena cikin jahiltar kansu. In aka haɗa shi da shahararren littafin da wani marubuci namiji, Zhang Xianliang, ya fitar a 1985, inda mace take matsayin maganin da ke dawo wa ɗan fursuna mazakutarsa, za a ga tazarar. A wurin namijin, jikin mace hanya ce ta warkar da shi. A wurin Wang Anyi, jikin na mai shi ne, kuma ita ke ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya.

Shekarun 1990 suka zo da kasuwa. Bayan da sojoji suka murƙushe masu zanga-zangar neman sauyi ta dandalin Tiananmen da ke Beijing a 1989, zancen siyasa ya rufe, zancen kuɗi ya buɗe, kamfanonin ɗab'i suka koma neman riba. A nan aka sami abin da masu nazari suka kira rubutun sirri, wanda Lin Bai da Chen Ran suka jagoranta. Littafin Lin Bai na 1994, Yaƙin Mutum Ɗaya, ya bi wata yarinya marainiyar uba daga kudancin ƙasar tun tana ƙarama, yadda ta gano jikinta ita kaɗai, yadda maza suka yaudare ta, yadda ta zubar da ciki. Na Chen Ran na 1996 labarin wata yarinya ce a Beijing, uba mai tsanani, malami mai cin zarafi, da wata bazawara maƙwabciya wadda a wurinta kaɗai take samun natsuwa. A tsakiyar labarin harsashi ya same ta a ƙafa a wani lokacin hargitsi, kuma duk mai karatu ɗan ƙasar ya san wace shekara ake nufi. Ke nan ko ɗakin da aka kulle, siyasa tana shigowa ta taga.

Ga inda abin yake da ciwo. Bugun farko na littafin Lin Bai an sa masa bango mai hoton tsiraici, aka jera shi a kasuwa kamar littafin batsa. Taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995 ya sa kamfanoni suka yi ta fitar da jerin littattafan mata, wasu don kishi, wasu don sun ga ciniki. Malama Dai Jinhua ta jami'ar Peking, wadda ita da Meng Yue suka rubuta muhimmin nazari a kan adabin mata a 1989, ta yi gargaɗin cewa mace na iya buɗe sirrinta don ta 'yantu, kasuwa kuma ta maida shi abin leƙe ga maza. Gaba kura, baya siyaki: in ta yi shiru, hukuma ta yi magana a madadinta, in ta yi magana, ɗan kasuwa ya saye muryar. Da ƙarni ya zo ƙarewa, kamfanoni suka ƙirƙiro laƙabin kyawawan marubuta, ana buga hoton marubuciya a bango kamar tallar turare. Cikin wannan yanayi Wei Hui ta fito, tare da Mian Mian, wadda ita ma aka haramta littafinta a 2000. Ni dai na fi ganin gaskiya a rubutun Mian Mian, domin ƙwaya da karuwancin garuruwan kudu da take ba da labarinsu ba ta shafa musu kwalliya ba, ita kanta ta yi fama da jarabar.

Amma duk waɗannan 'yan birni ne, masu ilimi. Rubutun da ya fi nauyi a wurina ya fito ne daga matan da jikinsu bai taɓa zama sirri ba, saboda hukuma tana da rajistarsa. Daga 1980 zuwa ƙarshen 2015 Sin ta gudanar da tsarin ɗa ɗaya. A ƙauyuka da yawa ƙa'idar ita ce, bayan haihuwar fari a sa wa mace zoben hana ɗaukar ciki, bayan ta biyu a ɗaure mahaifa, cikin da ya wuce ƙa'ida kuma a zubar. Son ɗa namiji ya haɗu da wannan doka, har ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Sheng Keyi, 'yar ƙauye daga lardin Hunan da ta je ci-rani Shenzhen, ta rubuta labarin 'yan mata 'yan ci-rani a 2004. Jarumarta tana yawo daga shagon gyaran gashi zuwa masana'anta zuwa otal zuwa asibitin mata, ko'ina ƙirjinta ake fara kallo kafin fuskarta, kuma a asibitin take ganin yadda ake kawo mata a yi musu aiki ba da sonsu ba. A rubutun Sheng Keyi ba a raba sha'awa da takardar izinin zama a birni, da kuɗin haya, da wuƙar likita.

Haka Zheng Xiaoqiong, wadda ta bar Sichuan a 2001 ta shiga masana'antun Dongguan. A 2012 ta fitar da diwani na waƙoƙi a kan mata ma'aikata ɗari, kowacce da sunanta da labarinta: wadda inji ya cinye wa yatsa, wadda aikin dare ya rikita wa al'ada, wadda ta bar ɗanta a ƙauye shekara da shekaru, wadda ta ƙare a gidan karuwai. Wayar da ke hannun mai karatu da takalmin da ke ƙafarsa, ba mamaki daga irin waɗannan hannaye suka fito.

Sai Yu Xiuhua, wadda labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. An haife ta a 1976 a wani ƙauye na lardin Hubei, da lalurar ƙwaƙwalwa da ta shafi tafiyarta da maganarta. Iyayenta suka aurar da ita tana shekara 19 ga wani mutum da ya girme ta sosai, don a samu mai kula da ita. A farkon 2015 wata waƙarta ta bazu a intanet, inda take cewa za ta ratsa rabin ƙasar Sin don ta kwana da wanda take so. Jama'a suka rabu biyu, wasu na yabo, wasu na zagi. Abin da ya fusata masu zagin, in aka duba da kyau, bai tsaya ga kalmar ba, tunda maza sun rubuta fiye da haka. Abin shi ne wadda ta faɗa: baƙauya, naƙasasshiya, mai kusan shekara 40, irin matar da al'umma ta yanke cewa ba ta da wata buƙata sai abinci da wurin kwana. Da kuɗin littattafanta suka shigo, abin da ta fara saya shi ne sakinta. Ta biya mijin ya yarda suka rabu a ƙarshen wannan shekara. Ban ga misalin da ya fi wannan nuna cewa a rayuwar mace matalauciya, zancen zuciya da zancen aljihu abu ɗaya ne ba.

Daga tsibirin Taiwan, inda ake rubutu da harshe ɗaya amma ƙarƙashin wani tsarin mulki, wasu littattafai sun tsallako sun yi tasiri. Li Ang ta rubuta labarin matar mahauci da ta kashe mijinta bayan doguwar azaba a 1983. Qiu Miaojin ta rubuta a kan 'yan mata masu son 'yan'uwansu mata a 1994, shekara guda kafin ta kashe kanta a Faris tana da shekara 26. Wanda ya fi ratsa matasan babban yankin Sin shi ne na Lin Yi-han na 2017, labarin yarinyar da malaminta ya lalata, ta rinƙa lallashin kanta cewa so ne don ta iya rayuwa. Marubuciyar ta kashe kanta watanni kaɗan bayan fitowarsa, iyayenta suka ce abin da ya same ta ne ta rubuta. Da ɗalibai mata suka fara fallasa malaman jami'a a 2018, littafin yana hannun da yawa daga cikinsu.

Yanzu kuma mafi yawan abin da matan Sin ke rubutawa da karantawa a kan so da sha'awa ba a kantin littattafai yake ba, a waya yake. Dandalin Jinjiang, da aka kafa a 2003, mata ne suka fi yawa a cikin marubutansa da masu karatunsa. Wani nau'in labari da ya yi ƙarfi a can shi ne wanda ake kira danmei, soyayya tsakanin maza biyu, amma mata ne ke rubutawa, mata ke karantawa. Na san mai karatu zai yamutsa fuska, kuma ba sai mutum ya yarda da abin da ke ciki ba kafin ya tambayi dalili. Bayanin da masu nazari suka fi bayarwa shi ne, waɗannan 'yan mata sun kasa hango soyayya tsakanin mace da namiji wadda babu fifiko a cikinta, babu tsoron ciki, babu uwar miji, babu barin aiki. Sai suka cire macen daga labarin gaba ɗaya. Wannan ya fi faɗa mana yadda suke kallon aure fiye da yadda yake faɗa mana wani abu game da maza. Alƙaluma ma sun nuna hakan: aure kusan miliyan 13 da rabi aka yi wa rajista a 2013, a 2024 kuma bai wuce miliyan 6 da 'yan kai ba.

Hukuma tana cin moriyar wannan kasuwa, tana kuma dukan masu ita. Wasan talabijin na 2019 da aka ciro daga labarin wata marubuciyar danmei mai laƙabin Mo Xiang Tong Xiu ya samu masu kallo har ƙasashen waje, bayan an goge soyayyar an maida ta abota. Shekara guda kafin nan, wata kotu a Wuhu da ke lardin Anhui ta yanke wa wata marubuciya mai laƙabin Tianyi ɗaurin shekara goma da rabi saboda buga littafin batsa da sayar da kwafi kusan 7,000. 'Yan ƙasar da kansu suka yi ta tambaya a intanet, ta yaya rubutu zai fi fyaɗe tsanani, alhali hukuncin fyaɗe a dokar ƙasar daga shekara uku yake farawa? Kowace al'umma tana da haƙƙin ta shata wa batsa iyaka, ban musa ba. Amma littafin Jia Pingwa, namiji, da ya fito a 1993 aka haramta shi saboda irin wannan zargi, an sake buga shi a 2009, marubucin kuma yana cikin manyan da ake karramawa. Sandar ba a kan kowa take sauka daidai ba.

Haka abin yake a sama ma. Tie Ning, wadda ta rubuta littattafai masu zurfi a kan mata da jikinsu, ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar marubutan ƙasar a 2006, amma a 2022 aka kafa ofishin siyasa na jam'iyya, wato majalisar manyan shugabanninta, mai mutum 24, babu mace ko ɗaya. A Maris ɗin 2015 an tsare mata biyar fiye da wata guda don sun shirya raba takardun yaƙi da cin zarafi a motocin haya. Daga 2021 duk ma'auratan da suka amince su rabu sai sun jira kwana 30. Kuma hukumar da ta yi shekara 35 tana hana haihuwa, yanzu roƙo take a haihu: ta ba da izinin 'ya'ya biyu a 2016, uku a 2021, a 2022 kuma yawan jama'a ya ragu a karon farko cikin shekaru sama da 60. A 2023 shugaban ƙasa Xi Jinping ya gaya wa shugabannin ƙungiyar mata ta ƙasa su gina sabuwar al'adar aure da haihuwa. Umarnin ya juya, amma mai bayar da shi bai canja ba, kuma mahaifar da ake magana a kanta har yanzu ba a tambayi mai ita ba.

A 2024 da 2025 'yan sanda a lardunan Anhui da Gansu suka bi sawun marubutan danmei da ke sa labaransu a wani dandali mai suna Haitang, wanda ke da mazauni a Taiwan, bisa zargin yaɗa batsa. Galibinsu 'yan mata ne masu shekara ashirin da wani abu, wasu ɗalibai, wasu daga gidajen talakawa, suna rubutu don kuɗin makaranta ko na magani. An kira su daga garuruwa masu nisa, an nemi su dawo da abin da suka samu, wasu an ɗaure su, kuma tabon shari'a yana iya rufe wa mutum ƙofar aikin gwamnati. Lauyoyi da dama sun fito sun ce za su tsaya musu kyauta. A watan Yulin 2025 gwamnati ta sanar da tallafin yuwan 3,600, kuɗin ƙasar, a shekara ga duk yaron da bai kai shekara uku ba, kuma 'yan matan da ake fata su karɓi wannan kuɗi sa'o'in waɗanda ake kamawa ne, da yawansu ma su ne masu karanta labaran nasu.